Mako Mai Zuwa Naka Ne, Yaya

A duk faɗin ƙasar nan babu wanda ya san tseren keke a cikin laka kamar Mai Bokiti. Haka 'yan ƙungiyar masu tseren suke faɗa, haka shi ma yake faɗa idan 'yan ƙungiya suka manta. Ya san yawan iskar da taya take so ranar da aka kwana ana ruwa, da wadda take so ranar da ƙasa ta tsane. Ya san kwanar da take kayar da mutane a filin da ke bayan tsohon kamfanin bulo. Ya san saiwar bishiyar da ta karya kafaɗar mutum uku, har asibiti ya raka biyu daga cikinsu yana yi musu bayanin kuskurensu a hanya. Abu ɗaya ne ya rage masa a wannan ilimi, wato shiga tseren. Shekara ashirin da huɗu yana zuwa filin duk Lahadin damina, bai taɓa tsallake layin farawa a kan keke ba.

Sana'arsa yankan makulli ce. Shagonsa yana ƙarƙashin matattakalar wani bene, in ya buɗe hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Makullan da ba a yanka ba suna rataye a jikin ƙusoshi har sama, ga injin da kukansa ke shiga haƙori, ga kujera ƙwaya ɗaya ta baƙi. Garin ƙarfe ya zauna masa a gira, ko ya wanke fuska sai ya ɗan yi ƙyalli a rana. Duk wanda ya zo shagon a kan keke sai ya tafi da abu biyu, makulli da nasiha.

"Tayar nan ta yi tauri," zai ce, yana matsa ta da babban yatsa. "In za ka sauka daga kwalta, rage iska. Ka matsa ka ji ta ɗan ba ka wuri, kamar kumatun jariri. Kuma in ka ga dutse, kada ka kalle shi. Keke inda ido ya je nan yake zuwa. Ka kalli hanyar da ke gefen dutsen."

"Baba, makullin ɗaki na zo yankawa."

"Shi ma yana zuwa. Sannan duk ƙarfen da ya shiga cikin ɗan'uwansa, ka zare shi sau ɗaya a shekara ka shafa masa giris. In ba haka ba su ɗaura aure, kai ba a gayyace ka ba."

Tseren da ya ba wa rayuwarsa ba irin na kan titi ba ne. Ana kafa turaku a ɗaura igiya, a fitar da hanya mai zagaye. Tana bi ta cikin ciyawa, ta faɗa wani kwari, ta ratsa yashin da masu bulo suka bari, ta hau wani tudu da ba ya hawuwa sai mutum ya sauka ya saɓa keke a kafaɗa. Akwai kuma katako biyu a gicciye da ake tsallakewa da ƙafa. Ana zagayawa sau shida, in na farko ya gama sai kowa ya ƙarasa zagayen da yake ciki. Ranar da taɓo ya yi taɓo, laka takan cushe tsakanin taya da ƙarfe har taya ta ƙi juyawa. Saboda haka mai son ya yi abin kirki yana bukatar keke biyu, da kuma mutum ɗaya a wurin canji. Mai tsere zai iso a guje, ya saki mai datti, ya cafe mai tsabta, ya wuce. Shi kuma na wurin canji yana da kamar minti takwas ya wanke wanda aka jefo masa kafin a sake zagayowa.

Mai Bokiti da ƙanensa Dogo sun sayi kekunansu shekara ɗaya, iri ɗaya, launi ɗaya. Dogo ma'aikacin hukumar ruwa ne, mai bi gida-gida yana karanta mita, kuma ya fi yayan nasa tsawo da kusan taƙi guda. Lahadin farko da suka je filin suka ga yadda ake yi, sai suka lura cewa su biyun in an haɗa su sun cika mai tsere ɗaya. Suka yi shawara a kan karɓa-karɓa: wannan mako ɗaya ya hau, ɗaya ya wanke, mako na gaba a juya.

"Kai ne ƙarami, fara," in ji yayan.

Ya kwance sirdin kekensa ya ɗaga shi yatsa huɗu, daidai da ƙafar Dogo, ya ɗaure. Dogo ya zo na huɗu a ranar. Ya sauka yana haki, laka har cikin kunne, ya rungume yayansa.

"Mako mai zuwa naka ne, Yaya."

Mako mai zuwa sai aka ce ana tara maki, wanda ya fara shi ya kamata ya ci gaba. Dogo ya zo na biyu. Daga nan aka ce a bari damina ta wuce. Damina ta gaba Dogo yana kare kambunsa, kuma mai hankali ba ya tsayar da mai kare kambu don a yi adalci a cikin gida. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya. Duk Lahadi Dogo yakan faɗi maganar nan da zuciya ɗaya, yayan kuma ya amsa da "Allah ya kai mu" da zuciya ɗaya. Allah kuwa ya yi ta kai su, makon ne dai bai iso ba.

A cikin waɗannan shekaru ya zama gwani a aikinsa. Bokiti biyu yake zuwa da su, da buroshi uku, da wani ɗan tsinken ƙarfe da ya yanka da kansa don sakace laka daga haƙoran giya. Daga sama yake fara wanki ya gangaro. Ba ya watsa ruwa a cibiyar taya. Idan zai miƙa keke, hannu ɗaya a bayan sirdi, ɗaya a kan keken, feda ta dama tana gaba ta ɗan ɗago, yadda Dogo zai diro ya taka kawai. Sauran masu wanki sukan zo su tsaya suna kallo. Sunansa na yanka ya ɓace a filin, har matarsa takan ce da shi Mai Bokiti idan tana jin tsokana.

"Maƙwabta sun ce a gidan nan keke ya fi yara wanka," ta ce masa wata rana.

"Yara ba sa tsatsa."

"Kai fa? Yaushe za a wanke maka naka ka hau?"

"Ana shiri."

Yana hawa keke, kada a zalunce shi. Yana da wani tsoho mai kwando da yake zuwa shago da shi, kuma da gangan yake barin kwalta ya bi ta bayan makaranta inda ruwa ya zaizaye hanya, don kada ƙafa ta manta. Amma kekunan tsere guda biyu na jingine a zaure ƙarƙashin tamfol, ba ya hawansu ko don gwaji. Yakan ce kowane sirdi da mai shi.

Shekarar da Mai Bokiti ya cika hamsin da tara, wata Talata, Dogo ya hau benen wani gida zai karanta mita, ya zauna a mataki na uku ya kasa tashi. Ya yi kwana tara a asibiti. Likita ya ce zuciyar ta gaji, ya hana shi keke, ya hana shi bene, ya ce kada ya ɗaga abin da ya fi buta nauyi. Mutumin da yake saɓa keke ya haye tudu a guje ya dawo yana hutawa tsakanin ƙofar ɗaki da ƙofar gida.

Da ruwa ya sauka, Dogo ya sa aka kawo shi shagon ƙarƙashin bene. Ya zauna a kujerar baƙi, gwiwoyinsa sun kusa taɓa injin. Rigar da ke jikinsa ta yi masa yawa.

"Yaya, Lahadi mai zuwa taka ce."

"Na san waƙar nan, har amshinta na iya."

"Akwai rukunin dattawa, daga hamsin zuwa sama. Ni zan tsaya wurin canji."

"Da wace zuciyar? Likita cewa ya yi buta."

"To sai in yi wankin da buta."

Mai Bokiti ya kunna inji ya yanka wani makulli da ba wanda ya ba shi aikinsa. Da ya kashe, Dogo yana nan yana kallonsa.

"Yaya, na faɗi maganar nan ta fi sau ɗari biyu. Ina so in faɗe ta sau ɗaya ta zama gaskiya. Ban san damina nawa ta rage mini ba."

"Rufe mana baki. Wa ya san tasa?"

Amma ya amsa. Kuma daga wannan rana abin ya daina zama tsere a wurinsa. Ya gane cewa ƙanensa yana son ya miƙa masa keke da hannunsa, ko sau ɗaya, kafin lokaci ya ƙure.

Ranar Alhamis da la'asar ya yaye tamfol ya fito da kekunan tsakar gida don ya sauke sirdi yatsa huɗu. Ya kwance noti. Ya murɗa sirdin, bai motsa ba. Ya riƙe taya tsakanin gwiwoyi ya sake murɗawa, ko gezau. Ya koma kan na biyu, shi ma haka. Shekara ashirin da huɗu yana zare kowane ƙarfe a jikin kekunan nan yana shafa masa giris, ban da wannan. Bai taɓa zare ƙarfen sirdi ba, don kada ya ɓata tsawon da Dogo ya saba da shi ko da faɗin gashi. Ga shi tsatsa ta haɗe su sun zama ƙarfe ɗaya.

Ya ɗiga mai ya bar shi ya kwana. Ya zuba tafasasshen ruwa. Ya kai wa mai walda na bakin layi, wanda ya taɓa shan nasihar giris a shagon makulli, kuma da alama bai manta ba.

"A'a, Baba! Ashe an ɗaura aure ba a gayyace ka ba?"

"Duba min aiki, ka bar surutu."

Mai walda ya sa babbar sifana ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, sannan ya girgiza kai. Ya ce hanya ɗaya ce, a yanke ƙarfen da zarto a gajarta shi a sake like sirdin a ƙasa. In an yi haka kuwa ba zai ƙara komawa sama ba.

Dogo da aka gaya masa ya ce, "A yanke mana. Me ake jira?"

"In ka warke fa? Ka hau me?"

Matar Mai Bokiti da ke tsaye da tire ta ajiye shi ta koma ciki. Ba a yanke ba. A maimakon haka Mai Bokiti ya samo guntayen katako huɗu, ya fere su, ya ɗaure ɗaya a kan kowace feda da waya, don ƙafarsa ta kai. Wanda ya yi shekaru yana cewa sirdi shi ke bin mutum, ya tashi ya bi sirdi.

Asabar aka kwana ana ruwa. Lahadi da safe filin ya zama kamar an dama shi. Sakataren ƙungiya, wani dattijo mai tabarau da ke zaune ƙarƙashin laima da littafin rajista, ya hango kekunan nan biyu da ya sani, ya miƙo lamba goma sha bakwai, wadda Dogo ya saba ɗauka, bai ko ɗago kai ba. Masu wanki kuwa sun ɗago.

"Jama'a, ku zo ku ga! Yau liman ya shiga sahu!"

"Baba, ka rage iska? Kamar kumatun jariri fa!"

"Mene ne wannan a feda, ko icen girki ka taho da shi?"

Mai Bokiti ya kai Dogo wurin canji, ya ajiye masa kujera, ya cika masa bokiti biyu da kansa, ya jera buroshi uku bisa tsarinsu. Ya fara bayani, Dogo ya ce, "Yaya, tafi, za a busa."

Su ashirin da uku ne a layi. Aka busa usur, ashirin da biyu suka tafi, shi kuma ya bi bayansu.

Abin mamaki, ilimin nan duk gaskiya ne. Bai kalli dutse ba, bai kuwa ci karo da shi ba. Bai taka birki a tsakiyar kwana ba. A cikin yashi ya sassauta hannu ya bar keke ya nemi hanyarsa. Sai dai akwai abubuwan da ba a gani daga wurin canji. Bai san tudun nan yana ƙara tsawo idan mutum na ƙarƙashinsa ba. Bai san ƙarfen keke yana cizon kafaɗa haka ba. Kuma duk lokacin da ya tsallake katako ya zo komawa kan sirdi, sai ya yi tsalle kamar mai hawa katanga, ya sauka a inda bai kamata namiji ya sauka ba. Laka ta jiƙa katakon feda, takalminsa yana ta zamewa.

Da ya zagayo wurin canji karo na farko, ya hango Dogo a tsaye riƙe da keke mai tsabta. Ya hango kuma bokitan nan biyu, ya tuna nauyinsu, ya tuna sunkuyon da wanki yake bukata. Ya ɗaga hannu ya ce, "Da saura!" ya wuce. Karo na biyu ma haka, alhali tayar baya ta fara gurnani. Ya ji muryar Dogo a bayansa, ba ta da ƙarfi, "Yaya, canza!" Bai waiwaya ba. Shi da ya sha zagin masu tsere a kan taurin kai, yana cewa laka ba a yi mata alkunya.

A zagaye na uku, cikin kwari, tayar ta tsaya cak. Ya sauka ya sakace da yatsa, ya tura, ta sake cushewa. Sai ya saɓa keken, wanda laka ta ninka nauyinsa, ya kama tafiya. Na gaba suka zo suka wuce shi, suka sake zuwa suka wuce shi. Wani ya ce, "Sannu Baba," wani ya ce, "Hanya!" Ya fi rabin zagaye yana tafe da ƙafa, numfashinsa yana fita kamar ana jan zarto.

Ya iso wurin canji. Dogo na tsaye, bai zauna a kujerar ba tun da aka fara, leɓunansa sun yi fari. Ya turo keke mai tsabta gaba.

Abin da ya kamata ya yi sananne ne, shi ya koya wa rabin mutanen filin: ka saki, ka cafe, ka wuce. Ya sauke keken daga kafaɗa. Sai hannunsa ya tafi wurin babban buroshi. Sabo turken wawa, in ji mutane, amma ba sabo ne kaɗai ba. Ya tsoma buroshi a ruwa ya fara daga sirdi ya gangaro, da lamba goma sha bakwai a bayansa, ana tsere a gefensa.

Masu wanki suka fara dariya, sannan suka bari.

"Yaya."

"Minti biyu. In na bar maka shi haka sai ka sunkuya."

"Yaya, me kake yi?"

"Ka ga giyar nan? In ta bushe a haka..."

"Hannuna ya gaji."

Ya ɗago. Dogo bai sauke keken ba, yana riƙe da shi a miƙe.

"Shekara ashirin da huɗu ina karɓa," in ji Dogo. "Ko kallon fuskarka ba na yi, keken kawai nake gani. Yau sau biyu ka wuce ni. Ka bar ni in ji yadda miƙawa take, don Allah."

Can wajen layi aka kaɗa ƙararrawa, na farko ya shiga zagayen ƙarshe. Mai Bokiti ya dubi buroshin da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Ya sake shi cikin ruwa. Ya dubi keken da ake miƙo masa. Dogo ya riƙe shi ta gefen da ba daidai ba, feda ta dama tana can baya a ƙasa, yadda ba za a iya takawa ba sai an juya ta. Gyaran ya zo masa har bakin leɓe. Ya haɗiye shi, kuma 'yan ƙungiya sun ce wannan ne karo na farko da aka ga ya ga kuskure ya yi shiru.

Ya koma baya taku biyar, don a yi abin yadda ake yinsa. Ya taho da ɗan gudun da ya rage masa, ya kama keken, Dogo ya saki, har ya ɗan tura shi ta bayan sirdi. Ya yi tsalle ya hau, ya lalubi feda da ƙafa ya juyo ta.

"Tafi, Yaya! Kada ka kalli dutse!"

Ya ƙarasa wancan zagaye ya shiga na huɗu kafin na farko ya gama, saboda haka doka ta ba shi damar kammala shi. Shi kaɗai ya rage a hanya. Masu kwance igiya suna biye da shi a baya, suna tuge turaku cikin ladabi, suna jira ya sha kwana kafin su cire ta. Da ya wuce wurin canji ya ga Dogo ya zauna a ƙasa kusa da bokiti, yana goga keken mai datti da ƙaramin buroshi, daga ƙasa yana yin sama. Ya ci gaba da taka feda.

Ya tsallake layi babu tafi, don yawancin mutane sun tafi wajen motocinsu. Laka ta rufe masa fuska har ba a gane shi. Sakatare ya leƙo ta saman tabarau, ya duba lamba, ya rubuta, ya naɗe laima.

A hanyar gida ba su yi magana sosai ba. Dogo ya ce wanki ya fi yadda yake zato wuya. Yayan ya ce tudun ma haka. Aka jima, Dogo ya ce, "Mako mai zuwa..." sai tari ya kama shi, bai ƙarasa ba, yayan kuma bai tambaye shi na wane ne ba.

Dogo bai ga ƙarshen daminar ba. Ya rasu wata Laraba da hantsi, a kan kujera a ƙofar ɗakinsa, matarsa ta shiga ɗauko masa magani. 'Yan ƙungiya sun zo gaisuwa da yawa, suka yi ta ba da labarin shekarun da ba mai shan gabansa a kan tudu. Mai Bokiti ya rufe shago kwana bakwai, a na takwas ya buɗe. Masu zuwa a kan keke suka riƙa tafiya da makulli kawai.

Bayan wata guda aka liƙa sakamakon damina a allon ƙungiya, an buga shi da inji, an sa hannu, an buga hatimi. Mai Bokiti ya je ya tsaya gaban allon, ya sa yatsa a rukunin dattawa ya bi layi-layi har ƙasa. A gaban lamba goma sha bakwai Sakatare ya sa sunan da ya saba sawa. Sunan Dogo ne, na ashirin da uku cikin ashirin da uku.